Baƙin shafe a jikin piston: fenti ne ko garkuwar injin?

Daga watan Nuwamba har zuwa Maris, duk wanda ya ratsa garake a ƙasar Konni, ko ya bi hanyar Tsernawa da Malbaza ya nufi Galmi, abin da kunnensa zai fara ji shi ne kukan injin ban ruwa. Albasa ba ta san uzuri ba. In ta sha ƙishirwa ƴan kwanaki a lokacin da take sa kai, manomi ya riga ya san abin da zai tarar ranar cika buhu. Shi ya sa kwanciyar injin a tsakiyar rani take gigita mai garka fiye da tsadar taki.

A shirinmu na manoma da masu sana'a akwai tambayar da ke ta dawowa daga Bazaga da ƙauyukan kewaye. An je sayen sabon piston, mai shago ya fiddo iri biyu, lamba ɗaya, girma ɗaya. Guda fari tas yana ƙyalli, guda kuma da baƙin shafe a gefensa biyu kamar an goga mishi gawayi, kuma kuɗinsa ya ɗara. Wasu na cewa fenti ne kawai don a ƙara farashi. Wasu yaran gareji har samfefa suke sa mishi su kankare kafin su ɗaura, wai kada ya toshe injin. To jama'a, wanga shafe aiki yake yi, kuma kankare shi asara ce. Bari mu bi abin daki-daki.

Tafiyar da piston ke yi bai bar wuri guda ba

Mu ɗauki injin da aka fi gani bakin rijiya, Honda GX160 da ƴan uwansa na ƙasar Sin da aka kwaikwaya daga gare shi. In an buɗe mishi wuta yana juyi 3,600 a minti guda. Ke nan piston na hawa da sauka sau 60 kafin ka ce "ɗaya". Kowace hawa santimita 4 da rabi ce, sauka ma haka. In ka tara, piston na cin kusan kilomita 19 a awa guda. Ban ruwan awa 8 ya haura kilomita 150, ya fi nisan Konni zuwa Tawa. Duk wagga tafiya kuwa yana yin ta ne yana gugar bangon silinda, wuta na ci bisa kansa.

Abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe shi ne baƙin mai, amma ba mai yawa ba kamar yadda muke zato. Masana na auna shi da mikron, wato milimita guda a raba ta gida dubu. Silin gashin kai ya kai mikron 70 ko kusa da haka. Man da ke tsakanin zoben piston da bango kuwa sau da yawa mikron ɗaya ne ko ƙasa da haka. Gudu ne ke riƙe shi. Kun san yadda tayar mota ke sulɓi bisa kwalta mai ruwa in ana gudu, in an rage gudu sai ta koma ta kama ƙasa? Haka zobe yake bisa mai. A tsakiyar tafiya yana shawagi. Can sama kuwa, inda piston ke tsayawa ya juyo, ga zafi ga matsi ga rashin gudu, man ya kan tsinke, ƙarfe ya taɓa ɗan uwansa. Shi ya sa in makaniki ya buɗe tsohon injin ya sa farce a bakin silinda daga sama, yake jin ɗan tudu: nan ƙasa da shi ne wurin ya fi cinyewa.

Akwai wasu lokutan kuma da man bai isa ba: tashin farko da safe, lokacin da ya kwana ya tsiyaye ƙasa, sabon injin ko wanda aka gama gyarawa, da ƙarafansa ba su saba da juna ba, sai in injin ya yi zafi fiye da kima. Don waɗanga lokuta aka yi shafe.

Gugar nan kuɗi take ci. A 2012 wani masani na cibiyar bincike ta VTT a ƙasar Finland, Kenneth Holmberg, da abokan aikinsa sun wallafa lissafin cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na man da ƙaramar mota ke sha yana tafiya ne wajen yaƙi da guga, in an haɗa ta injin, ta giya, ta tayoyi da ta birki. A cikin injin kansa kuwa, piston da zobbansa ne ke da kaso mafi girma, kusan rabi. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kwalbar ƴan ruwa-ruwa ta daina zama abin da ake saye ba a duba aljihu ba, don haka maganar ta shafe mu.

Shafe iri-iri ne, kowa da wurinsa

Baƙin da ake gani a gefen piston yawanci girafit ne, irin baƙin da ke cikin fensir, ko kuma wani sinadari da ake ce ma moli. Ana kwaɓa shi da wani ƙaro mai jure wuta, a buga shi a jikin piston kamar yadda ake buga rubutu a riga, sannan a gasa. Kaurinsa mikron 10 zuwa 20 ne, ko sulusin gashi bai kai ba. Girafit da moli halinsu guda: falle-falle suke, kowane falle na zamewa bisa ɗan uwansa kamar ganyen karta sabuwa. In man ya tsinke na ɗan lokaci, su ke karɓar gugar.

Mi ya sa piston ke buƙatar haka? Da alminiyam ake yin sa don ya yi sauƙi, alminiyam kuwa yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfen silinda. Injin na zafi, piston na ƙara matsewa. In ya taɓa bango tsirara sai alminiyam ya fara liƙewa yana yagewa, a ga zane-zane daga sama zuwa ƙasa, daga nan sai ka ji an ce injin ya kama.

Kamfani ya riga ya sa kaurin shafen cikin awon piston. Wanda ya kankare ya ƙara tazara tsakanin piston da bango, kuma hannu ba ya kankara daidai ko'ina. Mafi muni, tsakuwar samfefa na nutsewa cikin alminiyam don yana da taushi, ta zauna nan ta riƙa cin silinda. In an buɗe injin da ya daɗe yana aiki aka ga shafen ya goge a tsakiya, wannan ba laifi ba ne, aikinsa ya yi.

Sai dai a yi hattara ta fuska biyu. Farin piston ba lalle ne jabu ba, don akwai injunan da haka kamfani ya yi nasu, wasu kuma ruwan kuza aka yi musu mai launin toka. Baƙi ma ba shaida ce ta inganci ba, tun da mai yin jabu ya iya fesa fenti. Shafen gaskiya yana da iyaka tsaf a gefensa, farce ba ya ɓanɓare shi, tsumma mai esansi ba ya wanke shi. A ganina, wanda bai yarda ka gwada haka gabansa ba, ka bar mishi kayansa.

Zobban piston, waɗanda makanikanmu ke ce ma sagma, na ƙetaren iyaka wajen Illela su ce ringi, su ma da nasu. Na sama shi ke fuskantar wuta, shi ya sa galibi ake yi ma bakinsa ruwan kurom, yana ƙyalli. Dabarar ta yi kama da ruwan zinari da ake yi ma ƴan kunne, illa dai nan tauri ake nema. Kurom ya fi ƙarfen zoben tauri nesa ba kusa ba, kuma yana jure ƙura, abin da ya sa ya dace da ƙasa irin tamu. Na biyu sau da yawa baƙi ne, an yi mishi wani shafe mai taushi da ke hana tsatsa, ya kuma taimaka ya zauna da wuri. Sun yi kama a ido amma ba a musanya su, kuma harafi ko ɗigon da ke jikinsu sama yake kallo. Makaniki mai hankali ya san wannan. Yaron da aka bar ma aiki don maigida ya tafi kasuwa ne abin tsoro.

Sai silinda. Yawancin injunan ban ruwa da baburan kabu-kabu da ke yawo nan suna da riga ta baƙin ƙarfe a ciki, wadda ake ce ma shemiz. Irin wagga in ta cinye ana iya kai ta a rarake, a sa piston mai ƙarin 0.25 ko 0.50. Bayan rarakewa ana barin wasu siraran zane masu gicciye juna a bango. Da gangan ne, cikinsu mai ke maƙalewa. Silindar da ta yi sumul kamar madubi ta gama aiki, ba ta riƙe mai.

Amma akwai wasu injunan da ba su da riga ko kaɗan. Da yawa daga ƙananan injunan da ake haɗa musu mai da esansi, kamar na feshi da ake goyawa da na yankan itace, alminiyam ne zalla aka yi ma bangonsa ruwan kurom ko wani shafe mai tauri. Irin wannan in aka rarake, an cire shafen ke nan, sauran alminiyam tsirara wanda zobe zai cinye cikin ɗan lokaci. In ya ɓare, kamar kwanon fenti ne da ya faɗi ƙasa: daga inda ya ɓare lalacewa ke yaɗuwa, maganinsa sabon silinda. Kuma ba a sa zobe mai kurom cikin silinda mai kurom, cin juna suke.

Injin da ba shi da piston ya koya ma masu piston

Labarin yadda aka samu wanga shafe mai tauri yana da daɗin ji. Wani Bajamushe, Felix Wankel, ya ƙirƙiro injin da babu piston mai hawa da sauka cikinsa. A madadinsa wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa cikin ɗaki mai siffar kwanson gyaɗa mai ƙwaya biyu. Na farko ya tashi a 1957 a kamfanin NSU na Jamus. Injin ƙarami ne, ba ya jijjiga, ga ƙarfi, kamfanoni suka yi ta rububin sayen izinin ƙera shi.

Matsalar tana bakin kusurwoyin nan uku. Kowace na ɗauke da wani siririn haƙori da ke share bango ba tsayawa, kuma babu tafkin mai a ƙarƙashinsa irin na injin piston, ɗan ɗigo ake ba shi yana ƙonewa tare da esansi. Haƙoran suka riƙa karkarwa suna tsaga bango. Injiniyoyin Mazda a birnin Hiroshima na Japan sun sha wahalar zanen nan har suka sa mishi suna sawun farcen shaiɗan.

A 1967 kamfanin Mahle na Jamus ya fito da Nikasil: ruwan nikel da aka cusa ma ƙananan ƙwayoyin wani dutse mai tsananin tauri, irin wanda ake yin dutsen wasa wuƙa na inji da shi. A shekarar ce NSU ta fiddo motarta Ro 80. Bango ya samu garkuwa, amma haƙoran motocin farko sun ci gaba da cinyewa da wuri, kamfanin ya yi ta canza ma mutane injin kyauta har ya durƙushe, Volkswagen ta karɓe shi a 1969. Mazda ce kaɗai ta jure da irin wanga injin har 2012 da ta daina ƙera RX-8, ta kuma maido shi a 2023 a matsayin ɗan janareta cikin wata motar lantarki.

Ba wanda ke da injin Wankel a Bazaga, gaskiya. Amma shafen da aka yi dominsa ya koma cikin injunan piston: Porsche ta sa shi a motocin tsere, daga nan ya bazu zuwa babura da ƙananan injuna. Ya kuma bar darasin da ya shafe mu kai tsaye. A shekarun 1990 motocin BMW da Jaguar masu Nikasil sun riƙa rasa ƙarfi a Amurka da Ingila. Da aka bincika sai aka tarar esansi mai yawan farar wuta, wato sulfa, shi ke zama ruwa mai cin ƙarfe ya cinye shafen, musamman a motar da ake gajerar tafiya da ita ba ta yi zafi sosai ba. Dole kamfanonin suka canza injuna da yawa. A 2016 kuma ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta gwada man da ake sayarwa a ƙasashen Afirka takwas, ciki har da Benin, Mali da Gana, ta samu gazuwal da sulfarsa ta ninka abin da Turai ta yarda da shi har sau 378. Kun ga ke nan, shafe komai tsadarsa yana ƙarƙashin rahamar abin da aka zuba a tanki.

A yau manyan kamfanoni sun wuce nan. Akwai wani shafe da ake ce ma DLC, gawayi ne da aka sarrafa har ya kusa lu'ulu'u tauri, kaurinsa mikron ɗaya zuwa ƴan kaɗan, ana yin sa cikin tukunyar da aka zuƙe ma iska. Nissan na cikin waɗanda suka fara sa shi a injunan motocin kasuwa. Ko da shi, ragin shan mai ɗan kaɗan ne cikin ɗari. Babbar ribar ita ce tsawon kwana.

Kwalbar da ke alkawarin maida tsoho yaro

Wannan ya kawo mu ga ƴan kwalabe da gwangwanayen da ake tallatawa a tasha da ranar kasuwa, wai a zuba cikin baƙin mai su shafe cikin injin, hayaƙi ya ɗauke, shan mai ya ragu da rabi. Duk shafen da muka lissafa a masana'anta ake yin su, bisa ƙarfen da aka wanke tas, da wuta ko lantarki. Ba a yin su cikin injin da ke cike da mai da toka.

Tallar ba sabuwa ba ce. A Amurka an daɗe ana sayar da wani mai suna Slick 50, mai ɗauke da garin Teflon, irin abin da ake shafa ma kaskon da abinci ba ya kamawa. A 1997 hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar, FTC, ta sa masu shi sun amince su daina faɗin amfanin da ba su da hujjarsa. Abin da yawancin irin waɗanga kwalabe ke yi shi ne ƙara ma mai kauri. Ƙara ta ragu, hayaƙi ya lafa kwana biyu, mai injin ya yi murna, amma ƙarfen da ya cinye bai dawo ba, kuma da sanyin safiyar hunturu mai mai kauri ya fi jinkirin isa inda ake buƙatarsa.

Ƴan kabu-kabu, ku ku fi kowa kiyayewa. A yawancin baburanku kuloci cikin man injin yake wanka, kuma shi guga yake so don ya kama. In aka zuba abin da ke ƙara santsi sai ya fara zamewa, ka ja wuta injin na kuka babur ba ya gaba. Shi ya sa ake rubuta JASO MA a galan ɗin man da aka yi don babur. Ku duba kafin ku biya.

Abin da ke cin shafe a ƙasarmu

Ƙura ce ta farko. Hazon hunturu da ke taso mana daga gabas, da ƙurar da manyan motoci ke tayarwa, da ta garkar kanta, duk akwai yashi mai laushi ciki, yashi kuwa ya fi ƙarfen silinda tauri. Ƙwayar da ta fi kaurin man da ke tsakanin zobe da bango, in ta shiga, samfefa ce mai tafiyar kilomita 19 a awa. Sau nawa muke ganin injin bakin rijiya babu murfin matatar iska, ko sosonta ya yage an ɗaure da leda, ko an cire shi ɗungurungum wai don injin ya sha iska? Wanda ya yi haka ko piston na zinari ya saya, ba zai ga ƙarshen rani da shi ba. Soson ana wanke shi, a shanya, a ɗiga mishi mai kaɗan a matse. Ɗora injin bisa katako ko buhu, ba bisa rairayi ba, shi ma yana rage abin da yake shaƙa.

Na biyu esansi mai datti ko wanda aka gauraya. A tace shi da kyalle mai tsabta kafin a zuba. Barin cok a rufe bayan injin ya tashi shi ma illa ne, don esansin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin bango.

Na uku baƙin man kansa: wanda aka ɗura a kwalbar da ba a san asalinsa ba, da wanda aka tace daga juyen wata mota, da wanda ya wuce lokacinsa. Masu injin da aka maida shi aiki da gas, abin da ya yawaita yanzu a garake, su lura da wani abu: gas ba ya baƙanta mai da wuri, sai mutum ya ja sanda ya ga man garau ya ce da saura. Launi ya rage, amma zafi ya riga ya gajiyar da shi.

Littafin Honda na irin wanga injin ya ce juyen farko bayan awa 20, daga nan kowace awa 100, matatar iska kuma kowace awa 50, ko ƙasa da haka in wurin na da ƙura. Injin ban ruwa ba shi da agogon kilomita irin na babur, sai an ƙirga da kai. Mai ban ruwan awa 8 kullum, awa 20 ta cika mishi a rana ta uku, awa 100 kuma kafin sati biyu. Haka ma bayan an sa sabon piston da zobba, a ɗauke shi kamar sabon injin: kada a buɗe mishi wuta duka a ranar farko, a bar shi ya ɗan yi ɗumi kafin a ɗora mishi ruwa, a yi juye a rana ta uku. Man da GX160 ke ɗauka ya ɗan haura rabin lita kaɗan, don haka galan mai lita huɗu zai yi juye shida, kusan wata uku na ban ruwa ke nan.